Wai Bazazzage Ne Ya Gina Kansa

Zuwa ga bawana Balarabe na birnin Zazzau. Ya gida, ya yara, ya kuma tukunyar fate? Allah ya sa ba ta ƙone ba.

Labari ya iso Kano cewa ranar walimar ajiye aikinka, da aka miƙa maka lasifika, ka gyara zaman babbar riga, ka yi gyaran murya, ka shaida wa jama'a cewa kai ɗin nan da ake gani, kai ka gina kanka. Ba uba, ba dangi, ba gari. Ƙoƙarinka ne kawai da kaifin ƙwaƙwalwarka. An ce har tafi aka yi. Tafin bai ba ni mamaki ba, tunda an riga an raba shinkafa, kuma mutumin Zariya ba ya ƙaryata wanda ya ciyar da shi sai abincin ya narke.

To, ni Bakano ne. Ku kun iya dogon Turanci, mu mun iya lissafi. Idan mutum ya shigo kasuwa yana cewa ba wanda yake bin sa ko sisi, ba ma yin musu da shi, littafin bashi muke jawowa. Saboda haka gyara zama, bawana, yau zan karanta maka naka shafi-shafi.

Mu fara da sunan da kake amsawa. Ranar Laraba aka haife ka, shi ya sa kake Balarabe. Da ka yi haƙurin kwana ɗaya da yanzu Ɗanlami kake, da ka ƙara wani da Ɗanjuma ne ya yi jawabin nan. A rana ta bakwai maza suka taru a zaure bayan sallar asuba, liman ya yi addu'a, aka raba goro, aka yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da mata sunan yanka. Wanzami ya zo ya aske maka gashin da ka zo da shi, ya cire maka belu. A duk wannan hidima gudummawarka ɗaya ce, ihu. Sunan yankan ma bai yi aiki ba, domin na kakanka aka mayar, kuma babu matar gidan da za ta buɗe baki ta ambaci sunan surukinta. Kunyar wasu mata ce ta zaɓa maka sunan da ke jikin takardar fanshonka. Wannan shafi na farko ke nan, kuma ko rarrafe ba ka fara ba.

Daga nan aka yi ta goyonka, bayan uwa, bayan yaya, bayan 'yar maƙwabta da ita kanta ba ta wuce a goya ta ba. Da lokacin yaye ya yi aka kai ka wurin kaka, ta yi ta lallashinka da kunu har ka manta nono. Wa ya gaya maka da dama ake cin abinci? Wa ya buge maka hagun ranar da ka miƙa ta? Wa ya koya maka cewa idan ana ci a kwano ɗaya, yaro shi ke riƙe kwanon, kuma ba ya fara kai hannu ga nama? Wa ya danna maka kafaɗa ka durƙusa gaban babba, ya ce ka sunkuyar da kai, ba a zuba wa manya ido? Yau idan ka shiga gaban dattijo ƙafarka da kanta take zare takalmi, ka ɗauka halinka ne na kirki. Rankwashi ne, Balarabe, rankwashin da ya daɗe har ya zama ɗabi'a. Kuma ba na gidanku kaɗai ba. A unguwar da ka tashi ɗa na kowa ne: mai shagon bakin layi ya tsawata maka, tsohuwa mai ƙosai ta kai ƙararka, idan ka je gida da kuka a tambayi abin da ka yi, a ƙara maka.

Da hunturu ya kama aka tara ku da tsararrakinka aka kai wa wanzami. Ka fito kana tafiya a tale, aka yi ta ba ka kaji ana ce maka jarumi, aka kuma gargaɗe ka cewa namiji ba ya kuka. Har yau kana riƙe da wannan doka, ko da yake an ce ranar da aka jinkirta kuɗin sallama ka kusa karya ta. Sai makarantar allo. Ba kai ka sassaƙa allon ba, ba kai ka dafa tawadar ba, ba kai ka fere alƙalamin ba. Malam ya ɗora ka a kan babbaƙu, ya kai ka farfaru, ya bi ka da dorina har karatu ya zauna. Kowane mako wani ya kwance bakin zane ya ba ka kuɗin Laraba ka kai. Da an tara kuɗin Larabar nan da ribarsu a hannun Bakano, da yanzu an sayi rumfa a Kantin Kwari.

Harshen da ka yi jawabin da shi fa? Ba sai ka nuna katin shaida ba, da ka buɗe baki an san daga inda ka fito. Ku ne masu “rigan Malam” da “motan Alhaji”, ba ruwanku da wace ce mace, wane ne namiji. Digiri nawa ka tara, amma da ka saki jiki sai Zazzaganci ya leƙo. Ba laifinka ba ne, abin da kunnenka ya sha ke nan tun kana bayan uwa. Abin dariyar shi ne daidaitacciyar Hausar da ake rubutu da ita a kan Kananci aka gina ta, amma a garinku aka yi ta buga ta. A Zariya jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam na editanta, shi ma ba ɗan gari ba, haifaffen Kagara. Mu muka ba da harshen, baƙo ya rubuta, ku kuka ɗauki takarda kuna kai wa injin. Kowa da aikin da ya dace da shi.

Yanzu ga babban shafin, wato garin kansa. Ka ce son karatu a jininka yake. To, ina ka so ka nufa? Yaron da ya buɗe ido a Zariya, ya waiga nan ya ga zaurukan malamai na cikin birni cike da masu ɗaukar karatu, ya waiga can ya ga makarantar Alhudahuda, ya fita ƙofar gari ya ga makarantar Barewa, wadda ta faro daga Katsina a 1921, ta yada zango a Kaduna a 1938, ta sauka wurinku a 1949. Ya miƙe hanyar Samaru ya tarar da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Duk wanda ake nuna masa da yatsa a ce ya zama mutum, littafi ne a hammatarsa. Irin wannan yaro ko barci yake yi sai ya farka da satifiket. Har lambar motocin jiharku cewa take yi nan ce cibiyar ilimi, tamu kuwa ta ce cibiyar kasuwanci. Hukuma ma ta san an riga an raba mana gado.

Na san za ka ce ai mu ma haka ne. Ƙwarai kuwa, mu dai ba mu taɓa hawa mumbari mun musa ba. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Yaron Kano kafin ya iya ɗaure wando ya iya ba da canji. Ana zaunar da shi a bakin rumfa ya ga yadda ake taya kaya, yadda ake cewa albarka, yadda ake rakiyar mai saye da fara'a ko bai saya ba. Alhassan Ɗantata da ake ba da misali da shi, a Bebeji aka haife shi cikin Agalawa, mutanen da fatauci ne gadonsu. Ya bi hanyar goro ta Gwanja da iyaye suka riga suka share, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya same shi a shirye. Ƙoƙarinsa ba mai musu, amma da a wani zauren Zariya aka haife shi, wataƙila da ya ƙare yana gardama a kan wani babi na nahawu. Ko tatsuniyar Bayajidda da ta raba wa 'ya'yan Bawo aiki, ta ba Kano da Rano baba, ta ba Katsina da Daura kasuwa, ta ba Gobir yaƙi. Abin da ta ba Zazzau kuwa ka san shi, ba sai na faɗa a jarida ba. Ga shi nan a gaisuwar da na buɗe takardar nan da ita.

Kada ka tuna mini cewa Jami'ar Bayero reshen taku ce kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977. Na sani. Ai hujjata ce kake ƙara wa ƙarfi: ko jami'a sai da wata ta goya ta, balle kai.

Ina jin ka daga nan kana cewa: to idan jama'a ce ke yin mutum, ina amfanin ƙoƙari? Ai albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma gida ɗaya kan fitar da malami ya fitar da ɗan caca. Wannan tambaya ce mai kyau, har na yi mamakin fitowarta daga Zariya. Amsarta tana garinku. Dubi Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933. Mahaifinta daga Gana ya zo aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarta Banufiya ce, amma Zariya ta raine ta har ba mai tuna ta da wani gari. Hajaratu ne sunanta, Gambo kuwa al'ada ce ta ba ta don ta biyo bayan tagwaye, Sawaba kuma siyasa ce ta liƙa mata. A lokacin da ake son mace ta yi shiru a bayan labule, ita ta hau dandamali tana neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, tana yaƙi da auren dole, aka yi ta ɗaure ta tana fitowa tana komawa. Ba wanda zai ce jama'a ce ta umarce ta da haka. Amma ƙarfin halin nan sai da ya sami inda zai tsaya: jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, da matan da suka bi bayanta, da talakawan da suka cika fili suna saurare. Shi ma Malam Aminu Kano da ya tsaya wa talaka gaban masu sarauta, daga gidan malamai da alƙalai ya fito, kuma da karatun da gidan ya ba shi ya yi faɗan. Mutum yana da zaɓi, har yana iya juya wa al'ada baya, amma da kayan aikin da jama'a ta damƙa masa yake yi. Yau ga asibiti a Zariya da sunan Gambo Sawaba, garin da ya yi mata tsawa shi ne ya dawo yana alfahari da ita. Ka lura kuma, jarumin da garinku ya fi tinƙaho da shi a siyasar talakawa mace ce, a tarihin yaƙi ma Sarauniya Amina ce. Mazan kuwa ana ta nazari.

Mu koma littafi, saura shafuka. Aurenka. Ka ce kai ka ga yarinya ka ce kana so. Madalla. Wa ya je neman auren? Kai kana can ɓoye, baffanninka ne suka sa manyan riguna suka je suka durƙusa. Aka yi bincike a kanka, ba a tambayi makin da ka ci a jarrabawa ba, aka tambayi ɗan gidan wane ne. Sunan kakan nan da mata ke jin nauyin faɗa, shi ya ba ka mata. Gwaggonni suka haɗa lefe, wakili ya karɓa maka aure a hannun waliyyi, shaidu suka shaida, abokai suka raka ka sayen baki. Daga ranar ka tashi daga majalisar samari ka koma ta magidanta, ba da takarda ba, ba da sanarwa ba, kowa dai ya san wurin zamansa. Ka fara sauya hanya idan ka hango surukarka. Aka haifa maka ɗan fari, kai ma ka kasa kiran sunansa, kana ta “yaron nan” kamar ba kai ka biya kuɗin ragon ba. Wa ya kafa maka wannan doka? Ko ita ma a ɗakin karatu na Samaru ka gano ta?

Turawa ma da suka so ganin yadda jama'a ke sarrafa mutum daga goyo har tsufa, ƙasarku suka je. Wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta zauna ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, ya fito a littafi a 1954. Duk wanda ya karanta zai ga rayuwar mace ɗaya ce, amma cike take da iyaye, ƙawaye, kishiyoyi, 'ya'yan riƙo da dangin miji, har ba ka iya ba da labarinta ba tare da nasu ba. Tsohuwar da ba ta shiga aji ba ta fahimci abin da mai digiri ya manta ranar walima.

Sannan sunayenka suka yi ta sauyawa, kowanne da takunkuminsa. Ka fara koyarwa aka ce Malam, ka daina dariya da ƙarfi a kan titi. Ka sauke farali aka ce Alhaji, daga ranar shan rake a bakin hanya ya haramta gare ka, ba a littafi ba, a idon mutane. Na san kana kewarsa. Hular da kake karyawa, rigar ɗinkin hannu da maɗinkan birninku suka shafe watanni suna yi wa aska, tafiyar ƙasaitar da ka koya, duk amsa ce ga tambaya ɗaya da ke bin kowane Bahaushe: me mutane za su ce?

Kana tsammanin da ka ajiye aiki ka kuɓuta? Yanzu aka fara. Za a tura ka sahun gaba a masallaci ko ka makara. Za a sa ka a kwamitin gyaran makabarta. Ma'aurata za su yi faɗa a kawo maka, kai da ba ka gama sasanta naka ba. Za a aiko ka karɓi auren yaran da ba ka san sunansu ba. Furfura ta fito, jama'a ta ga dattijo, dole ka zama shi ko ba ka shirya ba. Abin da zai rage maka zafi jikoki ne: jikanyarka za ta kira ka mijinta, ta ce ka tsufa ta sake ka, jikanka ya ce zai ƙwace maka mata, kai kuma ka yi ta dariya, domin al'adar da ta hana ka sakewa da ɗanka ita ce ta buɗe maka ƙofar wasa da ɗansa. Bayan shekaru masu yawa, Allah ya ja da ranka, ranar da aka kira ka, wasu ne za su yi maka wanka, wasu su ɗinka likkafani, wasu su ɗauki makara, wasu su yi sahu. A wurin zaman makoki kuma mutane ne za su ce mutumin kirki ne. Wannan shaida ba a ba wa kai ita, ko an riƙe lasifika.

Ka san abin da ya sa na tsananta? Mu 'yan kasuwa mun san mai cewa ba a bin sa bashi, shirin gudu yake yi. Wanda ya yarda shi ya gina kansa, gobe ɗan ƙaninsa zai zo neman kuɗin makaranta ya ce masa ya je ya yi ƙoƙari kamar yadda shi ya yi. Zai ga yaran unguwa suna lalacewa ya ja ƙofarsa ya rufe, ya ce ba nasa ba ne. Ga shi kuwa zamani ya juya: gidajen gandu sun watse, kowa ya ja katanga ya sa ƙyaure na ƙarfe, maƙwabci ya tsawata wa yaro a kai shi ƙara. Yaran ba su daina ɗaukar hali daga waje ba, sun sauya malamai ne kawai. Yanzu waya ce ke yaye su, TikTok ke koya musu magana, 'yan bakin layi ke koya musu abin da ake kira jarumta. Masu bin ka bashi na asali yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, kakar da ta yi yaye, malamin allo, tsohuwa mai ƙosai. Irin wannan bashi ba a mayar wa mai shi, gaba ake biya. Fanshonka da lokacinka da Turancin nan naka, ga yaran Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni suna jira. Buɗe zaure, bawana, ka shimfiɗa tabarma.

Shafi na ƙarshe shi ne ni. Ka taɓa tambayar kanka dalilin da ya sa zan kira ka bawa a jarida, in taɓa garinku, in taɓa harshenku, in taɓa abincinku, kai kuma kana karantawa kana murmushi? Da wani ne ya rubuta rabin wannan da yanzu lauyoyi sun ci abinci. Ni da kai ba mu ƙulla wannan wasa ba, tarar da shi muka yi, kamar yadda Bafulatani ya tarar da nasa da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, ɗan mace da ɗan namiji a cikin dangi. Magabata sun san maƙwabta ba sa rasa ƙorafi, sai suka yi masa hanyar fita ta dariya, suka kuma haramta fushi a cikinta. Ka ga ke nan har wanda zai zage ka jama'a ce ta zaɓa maka, ta kuma yi maka gata ta zaɓo Bakano.

Saboda haka idan watan Cika-ciki ya kama, ka ɗauko tsintsiyarka ka hau motar Kano. Ƙofar gidana tana nan ba a share ba, kuɗin shararka kuma na ware su, ba ragi ba ƙari. Za a ba ka gurasa da garau-garau ka ci ka san an zo birni, faten kuwa ka bar shi a Kwanar Ɗangora. In kana da amsa, filin nan a buɗe yake mako mai zuwa. Sharaɗi ɗaya ne: ka ba wani Bakano ya duba maka rubutun kafin ka aiko, don kada edita ya kwana yana raba maza da mata.

Naka, ubangidanka na Kano.